Ina kyan tsoffin waƙoƙin Latin na Katolika yake: a murya ko a kalmomi?

Wata baiwar Allah da ke cikin ƙungiyar mawaƙan cocinsu ta rubuto tana tambaya: "Baba, tun ina yarinya muke rera Tantum ergo da Latin duk lokacin da aka fito da Sakramenti, wato gurasar da aka tsarkake, har na haddace ta ban san abin da nake faɗa ba. Da na samu fassararta na karanta, sai na ji kamar katekisim ne aka jera. Ashe daɗin da nake ji na karin murya ne kawai? Waɗannan tsoffin waƙoƙi adabi ne na gaske, ko karatun tauhidi ne aka sa wa amsa-amo don hadda ta yi sauƙi?"

'Yata, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, ki sani abin da kuke rerawa wutsiyar waƙa ce. Tantum ergo baiti na biyar ne da na shida na wata waƙa mai baiti shida da ake kira Pange lingua, wadda Toma Akwinas, babban malamin tauhidi, ya rubuta a wajen 1264. Dubi kalmarta ta biyu, ergo. Ma'anarta "saboda haka", kalmar masu mantiki ce, wadda malami ke furtawa bayan ya gama shimfiɗa hujjojinsa. Wato kin shekara da shekaru kina shigowa zance daidai inda mai magana ke cewa "saboda haka, mu durƙusa", alhali baitoci huɗun da suka kai shi ga durƙuson an bar su a baya. Dole fassarar ta zo miki a bushe. Zan dawo kan waɗannan baitoci, amma bari mu fara daga tushe, don zargin da kike yi wa daɗin murya ya girmi Akwinas da kusan shekara 900.

A shekarar 386 sarauniya Justina, uwar sarkin Rum na yamma, ta nemi Ambros, bishop na Milan, ya miƙa wani coci ga mabiya Ariyus, masu cewa Ɗan, wato Yesu, bai kai Allah Uba ba. Ambros ya ƙi. Shi da jama'arsa suka shige cocin suka zauna dare da rana, sojoji na kewaye da su. Don kada mutane su karaya, sai ya sa su rera waƙoƙi. Abokan gabarsa suka ce yana yi wa jama'a sihiri da waƙoƙinsa, shi kuwa a cikin wa'azi ya ce bai musa ba, domin babu sihirin da ya fi a ji bakin dukan jama'a yana shaida Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki kullum. Kin ga tun ranar farko waƙar cocin Latin da gardamar tauhidi tare aka haife su.

Cikin waɗanda suka kwana a cocin akwai Monika, mahaifiyar Agustin, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Agustin ya ba da labarin yadda waƙoƙin Milan suka sa shi kuka. Da mahaifiyar ta rasu a Ostiya a 387 ya danne hawaye har aka binne ta, sai da ya yi barci ya farka, baitocin Ambros na Deus creator omnium suka faɗo masa a rai, sannan kukan ya zo. Amma wannan Agustin ɗin ne ya rubuta cewa duk lokacin da ya lura rerawar ta fi abin da ake rerawa taɓa shi, to ya yi zunubi, ya gwammace ma da bai ji mai rerawar ba. Tambayarki ke nan, daga bakin babban malami. Ikilisiya ma ta daɗe tana kai-kawo. Taron bishop-bishop na Braga, a ƙarni na 6, ya hana rera waƙar da ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, taron Toledo na 633 kuma ya tsaya wa waƙoƙin Ambros. Cocin birnin Rum kansa bai shigar da su cikin addu'o'insa na kullum ba sai wajen ƙarni na 12. Gidajen sufaye masu bin dokar Benedik ne suka riƙe su, suna rerawa a lokutan addu'a takwas, bakwai da rana, ɗaya da dare.

Ki ɗauki waƙar Ambros ta asuba, Aeterne rerum conditor, ki ga yadda yake aiki. Baiti takwas, kowane ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa takwas. Abin da ke cikinta carar zakara ce. Zakara ya yi cara, matuƙin jirgin ruwa ya sami ƙarfi, majiyyaci ya ji sauƙi, ɗan fashi ya mai da takobinsa kube, Bitrus da ya yi musun ubangidansa sau uku ya wanke laifinsa da hawaye. Babu inda Ambros ya tsaya ya yi bayanin tuba. Ya dai ɗaura tubar Bitrus a wuyan zakaran da kowane mai rerawa ke ji a bayan katanga a daidai wannan lokaci.

Akwai wani sauyi da sai kin gane shi za ki ji waƙoƙin da suka biyo baya da kyau. Mawaƙan Rum na dā suna auna ɗango da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda rubutacciyar waƙar Hausa ke yi, kuma ba ruwansu da amsa-amo. A hankali kunnen mutanen Turai ya daina rarrabe dogon wasali da gajere a Latin. Sai marubuta suka koma ƙirga gaɓoɓi da bin inda murya ke dannawa, suka kuma kawo amsa-amo, har ya kai gaɓa biyu-biyu a ƙarni na 12 a hannun irin su Adam na gidan sufayen Sen Bikto a Faris. Masu son tsohon Latin sun ɗauki wannan lalacewa. Ni ina ganin nan ne harshen ya sami sabon rai, don Latin harshe ne mai sauya ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla, kuma amsa-amo a ƙarshen kalma yake zama. Marubuci gwani zai iya sa nahawu da amsa-amo su faɗi abu guda.

Kafin wannan sauyi ya kammala akwai Fortunatus, ɗan Italiya da ya yi karatu a Rabena ya ƙare a Fuwatiye ta Faransa. A 569 sarkin Kustantiniya, Justin na Biyu, ya aiko wa Radegund, tsohuwar sarauniyar da ta bar fada ta kafa gidan sufaye mata, guntun itacen da aka yi imani na gicciyen Yesu ne. Fortunatus ya rubuta Vexilla regis don tarbarsa: tutocin sarki na tafe. Ya kuma rubuta wata, Pange lingua ta asali, a kan karin da sojojin Rum ke waƙa da shi idan sun ci yaƙi. Ki lura da ƙarfin hali: gicciye abin kashe bayi ne da 'yan tawaye, shi kuwa ya yi masa waƙar cin nasara da karin sojojin da suka kafa shi. A cikinta ya ce tun ranar da Adamu ya ci 'ya'yan itace Allah ya sa wa wani itace alama, don magani ya fito ta inda cuta ta shigo. Sannan ya juya yana lallashin gicciyen kamar mai rai: Flecte ramos, arbor alta, sunkuyar da rassanki, ke doguwar itaciya, ki sassauta taurin da aka halicce ki da shi, ki miƙar da gaɓoɓin sarki a hankali. A Vexilla regis kuwa ya kira gicciye ma'auni, sikelin da aka rataya kuɗin fansar duniya a hannuwansa. In kin zana gicciye kin zana sikeli mai hannu biyu, za ki ga ido ne ya fara gano wannan koyarwar fansa kafin hankali ya biyo.

Yanzu mu dawo kan Akwinas. A ranar 11 ga Agusta 1264 Fafaroma Urban na Huɗu, yana zaune a Orbiyeto, ya kafa idin Jikin Almasihu ga dukan ikilisiya, idin da aka fara a Liyej ta ƙasar Beljiyam ta yau a 1246 saboda naciyar wata sufiya mai suna Juliyana. Akwinas na koyarwa a Orbiyeto a lokacin, shi aka ɗora wa rubuta addu'o'in idin. Abin dariya, wannan mutum ne da a farkon babban littafinsa na tauhidi ya kawo maganar cewa waƙa ita ce mafi ƙasƙanci cikin fannonin ilimi, bai kuma musa ba. Ya ara ɗangon farko da karin Fortunatus, bayan kusan shekara 700, inda wancan ya ce harshe ya rera yaƙi shi ya ce harshe ya rera asirin jiki. Duk sufin da ya ji farkon waƙar, gicciye ne zai faɗo masa a rai kafin a ambaci gurasa, kuma abin da Akwinas ke so ke nan, don a koyarwarsa hadayar da ke kan bagade da ta kan gicciye guda ce.

Baiti na uku ya ƙare da cewa a daren jibin ƙarshe Yesu se dat suis manibus, ya ba da kansa da hannuwansa. Sai na huɗu ya buɗe:

Verbum caro, panem verum
verbo carnem efficit.

Wato Kalman da ya zama jiki, da kalma yake mai da gurasa ta gaske jiki. Ki furta shi a hankali. Verbum da verbo kalma ɗaya ce, ƙarshenta ya sauya: ta farko Kalman Allah ne na farkon Bisharar Yahaya, ta biyu kalmar da ya furta a kan gurasa. Caro da carnem ma haka, ta farko jikin da ya ɗauka a cikin Maryamu, ta biyu jikin da gurasa ta koma. A tsakaninsu ga verum, gaske, wadda harafi ɗaya ya raba ta da verbum. Kalmomi bakwai, kuma koyarwar ita ce abu na sauyawa alhali ido na ganinsa kamar yadda yake, sai ga kalmomin da kansu suna sauyawa a bakinki alhali kunne na jin su kusan iri ɗaya. Na taɓa sa ɗalibaina su mai da wannan ɗango biyu Hausa a kan gaɓa takwas da bakwai. Muka ɓata sa'a biyu, wanda ya samu ma'ana ya rasa kari, wanda ya samu kari ya rasa wasan kalmomin. Abin da ke zubewa a fassara ke nan, kuma abin da ya zube wani ɓangare ne na hujjar.

Baitin ya ci gaba da cewa in ji da gani sun gaza, bangaskiya kaɗai ta isa. A nan ne ergo ɗinki ya shigo. Saboda ido ya gaza, mu sunkuya, cernui, fuska a ƙasa. Waƙar ta kai mai rerawa inda zai daina kallo, a daidai lokacin da jikinsa ke durƙusawa.

In kina son ganin iyakar taƙaitawarsa, dubi baiti na huɗu na Verbum supernum, waƙar da O salutaris hostia ke ƙarshenta. Ɗango huɗu: da haihuwarsa ya ba da kansa abokin tafiya, a wurin ci ya ba da kansa abinci, da mutuwarsa ya ba da kansa fansa, yana mulki yana ba da kansa lada. Socium, edulium, pretium, praemium. Aikatau na farko dedit ne, ya bayar, na ƙarshe kuwa dat, yana bayarwa. Dukan rayuwar Almasihu a gaɓa 32. Akwinas ya koyar cewa abu uku ke sa a kira abu kyakkyawa: ya cika ba giɓi, sassansa su dace da juna, ya kuma yi haske, wato a iya hango ainihinsa. A wurinsa kyau ba kwalliya ba ce da ake shafa wa gaskiya daga waje, kuma a wannan baiti ya cika alkawarin ma'anarsa.

Amma ba zan ɓoye miki ba, zarginki na da inda ya kama. A Lauda Sion, doguwar waƙar da ya yi wa sujadar Mas ta wannan idi, akwai baitin da ya fara da Dogma datur Christianis, ga aƙida an ba Kirista, daga nan ya yi ta jero hukunce-hukunce: mutum ɗaya ya karɓa, dubu su karɓa, abin da wannan ya samu shi wancan ya samu, in an gutsura gurasa ba a gutsura Almasihu ba. Ƙwarewa ce, ba shakka, amma a kunnena wajen nan aji ne aka sa wa kari. Irin wannan kuma suna da yawa ƙwarai. Tarin da wasu malaman Jamus suka buga tsakanin 1886 da 1922, Analecta Hymnica, juzu'i 55 ne, kuma akasarin abin da ke ciki aikin hannu ne na yau da kullum, yabon waliyyin wani gari da amsa-amon da aka jawo da ƙarfi. Har cikin manyan akwai abin kunya: waƙar Ista ta ƙarni na 11, Victimae paschali laudes, mai ɗangon nan na mutuwa da rai sun yi karo, tana da wani ɗango na zagin Yahudawa, wanda aka cire a littafin Mas na 1570.

Wadda na fi jinjina wa ita ce Dies irae, ta ƙarni na 13, da ake danganta wa Toma na Chelano, almajirin Faransis na Asisi. Daga Zafaniya 1:15 ta ɗauko kalmominta na farko, ranar fushi. Ƙwar uku ce, kowane baiti da amsa-amonsa guda, sai ki ji kamar ana buga guduma sau uku a ɗaga. Mutane na ɗaukarta waƙar tsoratarwa, musamman waɗanda suka san ta ta kiɗan Mozart ko na Verdi. Ki bi tsarinta ki gani. Baiti shida na farko babu "ni" ko ɗaya. Duniya ta zama toka, an busa ƙaho, Tuba mirum spargens sonum, da wasulan u da o masu kauri kamar ƙahon kansa, mutuwa ta tsaya tana mamaki, an kawo littafi, alƙali ya zauna. A baiti na bakwai ne murya ɗaya ta ɓullo: ni matsiyaci, me zan ce? Daga nan waƙar ta koma roƙo, kuma roƙon wayo ne. Mai laifi bai kawo aikin kirkinsa ko ɗaya ba. Wahalar alƙalin yake tuna masa: ka tuna, Yesu mai tausayi, ni ne dalilin tafiyarka. Sai baiti na goma:

Quaerens me sedisti lassus,
redemisti crucem passus,
tantus labor non sit cassus.

Kana nemana ka zauna a gajiye, ka fanshe ni da shan gicciye, kada wannan wahala ta tafi a banza. Zaman nan shi ne na bakin rijiyar Samariya a Yahaya 4:6, inda Yesu ya gaji da tafiya ya roƙi mace ruwa. Baiti huɗu kafin nan alƙali ne ya zauna a kan kursiyi, da wannan aikatau ɗin na zama. Marubucin ya ɗora zama a kan zama, ya bar mai rerawa ya gane cewa mai kursiyin shi ne matafiyin da ƙishirwa ta kama. Lassus, passus, cassus: gajiyayye, wahalalle, banza. Amsa-amon ne ke riƙe da gardamar, don kalma ta uku ita ce abin da biyun farko za su koma in an hallaka mai roƙon. Malaman tauhidi sun cika littattafai kan yadda adalci da jinƙai ke zama a Allah ɗaya, ban ga wanda ya wuce wannan ɗango uku ba. Littafin Mas na 1970 ya cire ta daga sujadar jana'iza, a ganina an yi asara, ko da yake na fahimci masu cewa iyalan mamaci sun fi jin tokar fiye da rijiyar.

Stabat mater, ta Maryamu a gindin gicciye, ta bi wata hanya, ita roƙonta a sa mai rerawa ya ji zafin da uwar ta ji. Hildegad ta Bingen kuwa, sufiya 'yar Jamus wadda ta rasu a 1179, ba ta damu da kari ko amsa-amo ba, ta zuba hotuna ne kawai, kore da raɓa da reshe mai toho. A wasanta na waƙa kowa na rerawa ban da Shaiɗan, shi sai ihu da magana.

Tarihi ma ya yi mana gwajin tambayarki. Fafaroma Urban na Takwas mawaƙi ne mai son Latin irin na Rumawan dā, waƙoƙin nan kuma suna yi masa kaushi a kunne. Ya sa malamai huɗu 'yan ƙungiyar Jesuwit su gyara su, aka fitar da gyaran a 1632, ɗaruruwan wurare aka taɓa. Aƙida ko ɗaya ba ta sauya ba, karin muryar ma galibi yana nan. Waƙar keɓe coci da ta fara da Urbs beata Jerusalem, mai kwatanta masu bi da duwatsun da ake sassaƙa da bugu kafin a jera su a gini, an sake ta kusan gaba ɗaya ta zama Caelestis urbs Jerusalem, sumul, ba tabo. Mutanen zamanin suka yi ta cewa Latin ya shigo, ibada ta fita. Sufayen Benedik da 'yan Dominik suka ƙi karɓa, cocin Bitrus da ke Batikan ma ya ci gaba da tsoffin kalmomi, kuma a littafin addu'o'in kullum na 1971 aka mai da akasarinsu yadda suke. Da daɗin na murya ne kawai, ko da kalmomin buhun zuba aƙida ne kawai, babu wanda zai lura an taɓa komai. Waƙoƙin Akwinas kuwa masu gyaran ba su sa musu hannu ba.

Daren Alhamis Mai Tsarki, lokacin da ake ɗauke Sakramenti daga bagade a zaga da shi, ana rera Pange lingua tun daga farko, sai an isa wurin ajiyewa ake shiga Tantum ergo. Kafin ranar ki roƙi shugaban mawaƙanku ya ba ku rabin sa'a ku karanta baitoci shidan da baki, ba rerawa, kowane ɗango da ma'anarsa a gefe, ku maimaita na huɗu har sai kunnenku ya raba verbum da verbo.